Zauren Kwamfuta: An gyara kwamfuta, saura kai ta gida lafiya

A wannan makon za mu taɓo wani darasi da ba ya cikin manhajar makaranta, amma da yawa daga cikinku za su ci karo da shi, wato yadda ake ɗauko kwamfutar tebur daga shagon mai gyara a kai ta gida alhali babu mota a gidan.

Wani zai ce wannan ma har abin rubutu ne? Ƙwarai kuwa. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, don haka gidaje da dama suka daure suka sayi kwamfutar tebur ta gwanjo domin yara su saba da ita kafin ranar jarrabawa. Idan ta lalace, galibi ɗan sakandaren gidan ake aika ya kai ta gyara, shi ne kuma zai je ya karɓo. Sau da yawa kwamfuta takan tashi lafiya lau a gaban mai gyara, a iso gida a kunna ta ƙi tashi. Daga nan sai rigima: Baba ya ce mai gyara ya cuce shi, mai gyara ya rantse lafiya ya ba da ita, yaro kuma ya tsaya a tsakiya bai san laifin da ya yi ba. Akasari ba mai gyara ba ne, hanya ce ta yi ɓarnar. Saboda haka bari mu bi abin daki-daki.

Me ke tsoron girgiza a cikin akwatin?

Akwatin nan da muke kira sifiyu, daga waje ƙarfe ne mai ƙwari, amma abin da ke cikinsa ba ya son wasa. Abubuwa huɗu ne suka fi shan wahala a hanya.

Na farko shi ne babbar ma'adana, wadda masu gyara ke kira had-dis. A cikinta akwai faya-fayai masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Ku lissafa da kanku: 7,200 a minti yana nufin juyi 120 a kowace daƙiƙa. A saman faifan akwai wani ɗan hannu mai karanta bayanai, wanda tazarar da ke tsakaninsa da faifan ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Idan aka kashe kwamfuta, hannun yakan koma gefe ya kwanta, shi ya sa ma'adanar ta fi jure bugu idan tana kashe. Duk da haka, faɗuwa ɗaya a kan siminti ta isa ta tafi da hotunan gida da takardun Baba da duk tambayoyin jarrabawar da kuka tara. Sabuwar ma'adana da ake kira SSD ba ta da abu mai juyawa a ciki, ta fi jure hanya, amma yawancin kwamfutocin gwanjo tsohuwar ce a cikinsu.

Na biyu shi ne ram, wasu 'yan siraran alluna da ake cusawa a rami, maƙalai biyu na roba suna riƙe da su. Girgiza kan sa su ɗan ɗago, ko da ido ba zai gani ba. Da zarar ram ya ɗago, kwamfuta za ta kunnu, fanka na juyawa, amma monita baƙi ƙirin, wani lokaci har da ƙarar "ƙit-ƙit-ƙit".

Na uku shi ne ƙarfen sanyaya furosesa tare da fankarsa. Yana da nauyi, kuma a jikin babban allon ciki yake rataye, wato madabod. Idan akwatin yana tsaye, duk ramin da aka faɗa sai nauyin ya fizgi allon. In ƙarfen ya saki, furosesa zai yi zafi, kwamfutar ta riƙa mutuwa da kanta bayan 'yan mintoci.

Na huɗu shi ne katin hoto, ga masu irin kwamfutar da ke da shi daban. Shi ma a rami yake cushe, kuma manyan cikinsu suna iya fasa ramin idan aka sha jijjiga.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Shirin ɗauko kwamfuta daga gida ake fara shi. Kafin ku fita, ku tanadi kwali mai kauri wanda akwatin zai shiga, da tsohon bargo ko tawul ko zannuwa biyu, da igiya, da babbar leda in damina ce. Idan kwalin da kwamfutar ta zo a ciki yana nan da farin sosonsa, babu abin da ya fi shi. In babu, masu shagunan kayan masarufi sukan sayar da kwali da araha.

Abu na biyu, kada ku tafi ku kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwatin kwamfutar ofis kan kai kilo 7 zuwa 10, ƙananan cikinsu kilo 5 ko 6. Ba nauyin ne abin damuwa ba, girman ne: yana tare muku gani, ba ku ganin inda kuke taka ƙafa. Ku tafi da yaya ko aboki, ɗaya ya riƙe kaya, ɗaya ya tare abin hawa ya yi ciniki.

Abu na uku, ku zaɓi lokaci. Da hantsi ya fi, kafin rana ta take da kuma kafin cunkoson yamma. Duk wanda ya san titin Beirut ko kasuwar Farm Centre a Kano ya san yadda wurin ke cushewa bayan La'asar. Ku guji dawowa da kaya bayan Magariba.

Sannan ku tuna ba komai ake kaiwa gyara ba. In matsalar a sifiyu take, ku bar monita da kibod da maus a gida, domin kowane mai gyara yana da nasa na gwaji. Kafin ku zare wayoyin, ku ɗauki hoton bayan kwamfutar da wayar salula, don ku san inda kowace waya za ta koma.

Kafin ku bar shagon

Nan ne mutane da yawa ke yin gaggawa. Kada kunya ta hana ku magana. Cikin ladabi ku ce, "Maigida, don Allah a kunna mana ita mu gani kafin mu tafi, haka Baba ya ce." Mai gyara na ƙwarai ba ya jin haushin wannan, hasali ma kariya ce gare shi.

Idan ta tashi, ku bar ta ta yi aƙalla minti 10 tana aiki. Ku buɗe fayilolinku ku tabbatar suna nan. Ku danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc a tare, shafin Task Manager zai buɗe, sai ku shiga Performance. A nan za ku ga girman ram da sunan furosesa da sunan ma'adanar da ke ciki. Ku kwatanta da abin da kuka kawo. In kun kawo ta da ram mai gigabayit 8, ya kamata ku ga 8. Wannan ba zargi ba ne, a shagon da ake kwance kwamfutoci da yawa a kan tebur ɗaya, kaya kan iya haɗewa bisa kuskure. Idan an canza wani abu, ku roƙi a ba ku tsohon ku kai gida a gani.

Ku zo da filash ku kwafi muhimman fayiloli tun a shagon, ku sa shi a aljihu. Ko da wani abu ya faru a hanya, ƙarfe kawai aka yi asara, aikinku yana nan.

Daga nan sai a kashe ta ta hanyar Shut down, ba zare waya ba. A jira fanka ta tsaya cak kafin a motsa akwatin. A duba ko an bar faifan CD a ciki, a cire duk abin da ke soke a jiki, musamman ɗan ƙaramin makarin maus mara waya, don yakan karye a cikin raminsa. Ku roƙi mai gyaran ya tabbatar ya ɗaure duk sukurorin ciki da na murfi. Ku ɗan karkata akwatin a hankali ku saurara: in kun ji wani abu yana gangarawa, a buɗe a cire shi. Sukuru ɗaya da ya faɗa kan madabod zai iya haɗa wuta ya ƙona allon idan an kunna.

Abu na ƙarshe kuma mafi muhimmanci: rasit. Ku karɓi takarda mai ɗauke da sunan shagon da kwanan wata da aikin da aka yi da kuɗin da aka biya da kuma lambar jikin kwamfutar. Lambar tana kan wata 'yar takarda da aka liƙa a baya ko a gefe. A kwamfutocin HP za ku ga an rubuta S/N ko Serial, a na Dell kuma Service Tag, mai haruffa da lambobi guda 7. Amfanin rasit biyu ne. In matsalar ta dawo, kuna da hujja. In kuma jami'an tsaro ko 'yan sintiri suka tsayar da ku, to yaro ɗauke da kwamfuta a titi abin tambaya ne, kuma suna da gaskiya su tambaya. Sai ku gaishe su, ku ce, "Yallaɓai, daga wurin gyara muke, ga rasit," ku kuma kasance da katin makaranta da lambar wayar wani babba na gida.

Yadda ake naɗe ta

Ƙa'ida ɗaya ce za ku riƙe: a kwantar da akwatin yadda madabod zai kasance a ƙasa, kayan da ke kansa suna zaune a samansa maimakon su rataya. Ta yaya za ku gane gefen? Ku dubi bayan akwatin. Gefen da ramukan USB da na monita suka fi kusa da shi, nan madabod yake, shi zai kalli ƙasa. A yawancin kwamfutoci, murfin da ake buɗewa shi ne zai kalli sama.

Ku shimfiɗa bargo a ƙasan kwalin, ku kwantar da akwatin, ku cusa tsumma ko takardu a kowane gefe har ya zama ko an girgiza kwalin babu abin da ke motsi. Wayoyi a naɗe su a sa a leda daban. Kada a cusa tsumma a cikin akwatin kansa.

A nan sai mun yi maganar wani abokin gaba da ba a gani. Kun san ɗan tartsatsin nan da ke kama mutum lokacin hunturu idan ya taɓa ƙofar ƙarfe ko ya cire rigar sanyi? Wuta ce da ke taruwa a jiki saboda gogayya, kuma busasshiyar iska ce ke ƙara ta. Mutum ba ya jin ta sai ta kai kusan bolt 3,000, alhali ƙasa da bolt 100 na iya lalata wasu kayan cikin kwamfuta. Muddin akwatin yana rufe, ƙarfensa yana kare abin da ke ciki. Amma in mai gyara ya ba ku ram ko ma'adana a hannu, kada ku jefa a ledar shago ko aljihun rigar roba. Ku roƙi a sa muku a ledarsu ta musamman mai launin toka mai sheƙi, in babu a naɗe a takarda.

Wane abin hawa?

A Daidaita Sahu shi ne zaɓi na farko. Ku ɗauki shata, wato ku kaɗai, kada ku shiga na haya inda za a matse ku da fasinjoji uku. Kuɗin shata ba ya ko kusa da kuɗin sabuwar ma'adana. Ku gaya wa direban tun kafin ku hau: "Malam, kwamfuta ce, don Allah a bi ramuka a hankali." Kada a ajiye kwalin a ƙasa wurin taka ƙafa, kada kuma a sa shi a baya, domin a nan injin yake, ga zafi ga jijjiga. Ku ɗora shi a cinya ku rungume. Cinyar mutum tana shanye girgiza fiye da kowace kujera. Wanda ke riƙe da kayan ya zauna a tsakiya, abokin tafiya ya zauna ta gefen titi, saboda masu fizge.

Acaɓa kuwa sai in babu yadda za a yi. A cikin birnin Kano an hana haya da babur tun watan Janairun 2013, amma a garuruwa da ƙauyuka da yawa, har da Maraɗi da Damagaram inda ake ce masa kabu-kabu, shi ne abin hawan da ake samu. Haɗarinsa shi ne hannayenku biyu suna kan kaya, ba ku riƙe da komai. In ya zama dole, babba ya hau da kayan, a sa kwalin tsakaninsa da direba, ba a ɗaure shi da roba a kan kariya ba. Kada a haɗa sifiyu da monita a babur ɗaya. Ku tuna kwamfuta ana sayen wata, ƙafa da kai ba a sayar da su a kasuwa.

Motar haya ko bas: kada ku yarda a sa kwalin a but, inda za a ɗora masa buhun masara. Ku biya kuɗin kujera biyu in da hali, ko ku riƙe a cinya.

Baro ba shi da abin da ke shanye girgiza, duk dutsen da tayarsa ta taka sai kayan sun ji. In tafiyar gajera ce kuma hanyar sumul, a shimfiɗa 'yar katifa ko matashi a ciki, ku bi mai baron a ƙafa yana tafiya sannu. A hanyar burji ko lungu mai kwatami, ku haƙura da shi.

Keke: kada ku tuƙa da kwamfuta a baya. In shi kaɗai ne da ku, ku ɗaura kwalin a kariya da matashi a ƙarƙashi, ku tura keken da hannu, ɗaya yana dafe da kayan.

A ƙafa kuwa, in gidan ba nisa, wannan ya fi wasu hanyoyin aminci. Ku rungume kwalin a ƙirji da hannu biyu ta ƙasa, ko ku sa shi a babbar jaka mai hannu biyu kowa ya kama ɗaya. Wajen ɗagawa, ku durƙusa ku ɗaga da ƙarfin ƙafa, ba ku sunkuya da baya ba. Ɗauka a ka da gammo sai wanda ya saba, domin abin da ya faɗo daga ka ya faɗo daga nesa.

In har da monita

Siririyar monita gilashinta ba ya son dannawa. A tsaye ake ɗaukar ta, a rufe fuskar da tawul, a sa kwali mai faɗi a kai, fuskar tana kallon ƙirjinku. Kada a kama ta da yatsa a kan gilashin, kada a ɗora mata komai. Tsohuwar monita mai ƙeya kuwa, mai inci 17 kan kai kusan kilo 15, kuma nauyin yana ta wajen gilashin, don haka shi ake jingina da jiki. Ko da wasa kada ku buɗe ta, tana riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare ta daga soket.

Rana da ruwa da ƙura

A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a garuruwanmu, kada a bar kayan a rana ana ciniki. Da damina, a sa kwalin cikin babbar leda a ɗaure bakin. In hadari ya taso, ku fake ku jira. In duk da haka ruwa ya shiga, kada ku kunna don "a gani ko tana yi". Wannan gwajin ne ke kashe ta. A buɗe murfi a bar ta a wuri mai iska kwana biyu, ko a mayar wa mai gyara. Da hunturu kuma naɗin da kuka yi ya isa ya tare ƙura.

An iso gida

Sauri ya haifi nawa. Ku ajiye ta ta huta kamar rabin awa, musamman in ta sha rana. Ku ɗora ta a kan tebur, ba a ƙasa ba, inda iska ke ratsa bayanta.

Kafin ku soka wuta, ku dubi bayan akwatin kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wasu tsofaffin kwamfutoci suna da wani ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. An yi shi ne saboda wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuma 230. Dole ya nuna 230. In yana kan 115 kuka soka, za ku ji "fau", hayaƙi ya tashi, fawa-fak ya ƙone. Sababbin kwamfutoci ba su da shi, suna daidaita kansu.

Ku mayar da wayoyi bisa hoton da kuka ɗauka, wayar wuta ita ce ta ƙarshe. Wayar monita mai shuɗin kai tana da allurai 15, ku sa ta a saiti kada ku tura da ƙarfi. In akwai katin hoto daban, a jikinsa ake soka wayar, ba a ramin sama ba. In wutar unguwa tana rawa ko yanzu aka tayar da janareta, ku jira ta daidaita, kuma ku bi ta kan istabilaiza in akwai.

To in ta ƙi tashi fa? Kada hankalinku ya tashi. Ku gwada soket ɗin da wani abu. Ku duba makunnin da ke bayan fawa-fak. Ku tabbatar monita tana kunne. In fanka na juyawa amma babu hoto, zai yiwu ram ne ya ɗago. Ku kira mai gyaran a waya ku gaya masa abin da kuke gani da ƙarar da kuke ji, kafin kowa ya kwance sukuru, domin wasu masu gyara ba sa karɓar kayan da aka buɗe bayansu. In kuma kuka ji ƙarar "ƙyas-ƙyas" tana maimaituwa daga ciki, ku kashe nan take, alamar ma'adana ce ta samu rauni, kuma ci gaba da kunna ta na ƙara ɓata abin da za a iya cetowa.

In wani tsautsayi ya faru a hanya, kamar kwalin ya suɓuce, ku faɗa a gida, ku faɗa wa mai gyara. Ɓoyewa na sa a zargi wanda bai ji ba bai gani ba, kuma yana sa mai gyara ya ɓata lokaci yana neman cutar a inda ba ta.

Aikin wannan mako

Ku je ɗakin kwamfuta na makarantarku, da izinin malami, ku dubi bayan sifiyu ɗaya. Ku gano gefen da madabod yake, ku nemo lambar jikinta, ku kuma duba ko tana da jan maɓallin 115 da 230. Mai kwamfuta a gida ya rubuta girman ram ɗinta da sunan furosesa a littafi ya adana, ranar kai ta gyara zai gode wa kansa.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake share ƙura daga cikin kwamfuta ba tare da an yi mata illa ba. Kafin nan, a dage da karatu. Mu kwana nan.